Haɗa kibod da hannunka: soket, dalma, waya ko zana allo daga tushe?

Wanda ya gaji da kibod ɗin da ya zo da kwamfuta, ya ƙudurta haɗa nasa mai suwic, wato wanda kowane madanni ke da nasa ɗan makunni a ƙarƙashinsa, abin da ke fara tsayar da shi shi ne ta ina zai shiga. Hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko ya sayi kit, wato kayan haɗi a kwali guda, mai soket, wanda ake cusa suwic a kuma zare shi ba tare da dalma ba (a kasuwa za ka ga an rubuta masa hot-swap). Ko ya sayi kit ɗin da sai an liƙa kowane suwic da dalma. Ko ya bar allon lantarki gaba ɗaya, ya haɗa madannan da waya ɗaya bayan ɗaya. Ko kuma ya zana nasa allon, ya aika masana'anta ta buga masa. Idan an rufe gidan an ɗora hulunan madannai, yatsa ba zai cika gane wace hanya aka bi ba. Bambancin yana cikin abin da za ka kashe, da abin da za ka iya canzawa daga baya, da irin kuskuren da zai iya cinye maka kaya.

Kayan dai kusan iri ɗaya ne a ko'ina: gida, allon lantarki na PCB, farantin da ke riƙe suwic, su kansu suwic ɗin, sitabilaiza da ke hana dogayen madannai karkacewa, hulunan da yatsa ke taɓawa, sai manhajar ciki da ke gaya wa kwamfuta wane madanni aka danna.

## Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, kuma shi ne ke yanke hukunci sau da yawa, tsarin madannai. Cikakken kibod yana da madannai 104 a tsarin ANSI na Amurka, 105 a ISO na Turai. Idan aka cire ɓangaren lambobi na dama ya zama TKL mai 87. Mai 75% yana da tamanin da 'yan kai, mai 65% yana da 67 ko 68 kuma yana riƙe da kibiyoyi, mai 60% yana da 61 babu kibiyoyi babu jerin F. Duk abin da aka cire ana mayar da shi hawa na biyu, wato sai ka riƙe Fn kafin ka same shi. Ka zauna ka duba aikinka na yau da kullum kafin ka duba hotunan kibod. Mai aikin Excel da ya sayi 60% don ya ga ya yi kyau a tebur zai yi da-na-sani cikin mako. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: tsarin da nake so akwai shi a kasuwa? Idan akwai, hanya ta uku da ta huɗu sun zama sha'awa kawai, ba larura ba.

Na biyu kuɗi, har da na kayan aikin da ba ka da su. Na uku ƙwarewa da lokaci. Na huɗu ƙarko da sauƙin gyara. Na biyar haɗari, wato mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa, kuma yana gyaruwa ko ba ya gyaruwa. Farashin da za a ambata a ƙasa kiyasi ne da dalar Amurka, yana hawa yana sauka, kuma ban da kuɗin jigila.

## Hanya ta farko: kit mai soket

A nan an riga an liƙa komai a allon, har da soket mai rami biyu a ƙarƙashin kowane madanni. Aikinka shi ne ɗaura sitabilaiza, ɗora faranti, cusa suwic, sa huluna. Mai gidan roba yakan kama daga dala 40 zuwa 80, mai gidan alminiyam daga 80 zuwa 200, wasu su wuce haka nesa. Kayan aiki ba su wuce sukurudireba da abin zare suwic da na zare hula ba, kuma yawanci suna zuwa a cikin kwalin. Awa ɗaya zuwa biyu ya isa.

Babban amfaninsa shi ne ba sai ka san irin suwic ɗin da kake so ba kafin ka fara. Ka gwada mai santsi wata guda, bai yi maka ba, ka zare ka sa mai tudu, wanda ke da ɗan tsaiko a tsakiyar dannawa. Ga wanda bai taɓa amfani da irin wannan kibod ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bayanin da ake rubutawa a jikin suwic ba ya gaya maka yadda yatsanka zai ji bayan awa huɗu na rubutu.

Abin da ake bayarwa a madadin shi ne 'yancin tsari. Soket yana cin wuri, don haka yawancin waɗannan alluna tsari ɗaya tak suke ɗauka: yadda aka zana Enter da Shift da dogon madannin tazara, haka za su zauna.

Wurin da ake yin ɓarna shi ne cusa suwic. Ƙafafunsa biyu na ƙarfe sirara ne, suna lanƙwashewa cikin sauƙi. Idan ƙafa ta karkace ka danna da ƙarfi, ko dai ta naɗe a ƙarƙashi madannin ya ƙi aiki, ko kuma ta ture soket ɗin ya ɓalle daga allon, wani lokaci har da jan ƙarfen da yake zaune a kai. Na farkon hantsaki zai miƙe shi. Na biyun sai dalma, abin da ka gudu tun farko. Maganinsa: ka duba kowace ƙafa kafin ka cusa, ka fitar da allon daga gida, ka tallafi bayan soket ɗin da yatsa lokacin dannawa. Soket ɗin kamfanin Kailh, wanda ya fi yawa, ana ƙiyasta masa kusan cusawa 100, wanda ya fi ƙarfin buƙatar yawancin mutane.

Abu biyu za ka duba kafin ka biya. Shin allon yana karɓar suwic mai ƙafa 5, wato na ƙarfe biyu da na roba uku? Idan mai 3 kawai yake karɓa, sai ka yanke ƙananan ƙafafun roba biyu na kowane suwic da abin yankan farce. Sannan ina fitilar kowane madanni ta fuskanta? Idan tana sama, wato nesa da kai, gajerun huluna masu siffar Cherry suna iya bugun jikin wasu suwic a jerin tsakiya, sautin ya canza, dannawa ta ƙi kaiwa ƙasa sosai. Wadda fitilarta ke ƙasa ba ta da wannan matsala.

## Hanya ta biyu: kit na liƙin dalma

Farashin kit ɗin kusan ɗaya ne da na farko, wani lokaci allon ya ɗan fi araha. Ƙarin yana kan kayan aiki: ƙarfen liƙi mai daidaita zafi, dala 30 zuwa 50, da zaren dalma mai kaurin milimita 0.8 ko ƙasa da haka, da famfon zuƙe dalma don ranar kuskure.

Me ake samu? Allon dalma ɗaya yakan ɗauki tsari da yawa. A wuri guda za ka ga ramuka sun hau kan juna: Backspace guda ko a raba shi biyu, Enter na ANSI ko na ISO, madannin tazara mai faɗin 6.25u ko 7u. Wannan "u" faɗin madanni ɗaya ne, milimita 19.05. Haka kuma suwic ɗin da aka liƙa ba ya motsi, ba ya saki, kuma ana iya haɗa shi da rabin faranti ko babu faranti sam idan suwic mai ƙafa 5 ne. A ɓangaren 60% akwai ƙarin daɗi: alluna da gidaje da yawa sun bi ramukan sukuru na tsohon tsarin GH60, don haka allon wani kamfani yana shiga gidan wani.

Aikin ba shi da wuya kamar yadda ake tsoro. Madannai 61 na nufin ɗigon dalma 122, TKL kuma 174. Dalma mai 63/37, wato kashi 63 kuza, 37 gubar dalma, tana narkewa a digiri 183, ƙarfen kuma a sa shi tsakanin 320 da 350. Marar gubar dalma tana son zafi fiye da haka kuma ta fi wuyar sha'ani ga sabon hannu. A ɗora bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar suwic da zoben allon lokaci guda, a kawo dalma, daƙiƙa 2 zuwa 3, a ɗaga. A yi aikin inda iska ke shiga, a wanke hannu bayan an gama.

Jerin aikin ne ba ya yafiya. Kafin komai, ka haɗa allon da kwamfuta, ka buɗe shafin gwajin madannai, ka taɓa ramuka biyu na kowane madanni da hantsakin ƙarfe ka ga ya amsa. Allon da ya zo da lahani ana iya mayar da shi, amma ba bayan an zuba masa dalma ba. Sai sitabilaiza: waɗanda ake ɗaurewa a allo da sukuru suna shiga ne kafin faranti, don haka wanda ya manta da su, ko ya sa su suna ƙara bai gwada ba, sai ya kwance dukan suwic kafin ya kai gare su. Daga nan ka liƙa na kusurwoyi huɗu, ka tabbatar kowanne ya zauna daram a kan allon. A jerin ƙasa, inda ramuka suka cakuɗe, ka ɗora huluna ka ga sun jeru kafin ka liƙa, domin rami ɗaya na gefe ya isa ya sa Alt ta hau kan maƙwabciyarta.

Haɗarin gaske yana wurin kwancewa. Zafi mai yawa ko jan suwic kafin dalma ta fita duka yana ɗaga zoben jan ƙarfe daga allon. Ana gyarawa da 'yar gajeriyar waya zuwa diyod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ko madannin da ke kusa, amma sai wanda ya iya bin layin allo. Akwai tsaka-tsaki: ƙananan bututun Mill-Max, samfurin 0305 ko 7305, da ake liƙawa a ramukan, su mayar da allon dalma mai cire-saka. Biyu kowane madanni ke ci, kuma ɗigon dalma ɗaya da ya gangara ciki ya kashe bututun.

## Hanya ta uku: haɗawa da waya

Babu PCB a nan. Faranti ne, da suwic, da diyod 1N4148 ɗaya ga kowane madanni, da waya, da ƙaramin kwantirola, wato guntun da ke karanta madannan ya aika wa kwamfuta. Ita ce mafi araha a kayan lantarki, domin diyod ɗari ba su wuce 'yan daloli ba, kwantirola kuma yawanci ƙasa da dala 10. Ita ce kuma mafi cin lokaci: ɗigon dalma kusan uku ga kowane madanni, ban da feƙe waya da lanƙwasa ƙafafun diyod. Ka ware kwana biyu.

Ana jera madannan ne a layukan kwance da na tsaye. Kwantirola yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya da sauri yana duba inda aka haɗe. Diyod yana hana wuta komawa baya, in ba haka ba idan ka danna madannai uku da suka yi kusurwa, kwamfuta za ta ga na huɗu da ba ka taɓa ba. A saitin da manhajar ciki ta QMK ke kira COL2ROW, baƙin zoben diyod yana fuskantar layin kwance. Ɗaya ya juya, madanninsa ya mutu. Duka suka juya, babu komai, layi ɗaya za ka canza a manhajar.

Sai lissafin ƙafafun kwantirola, domin kowane layi yana cin ɗaya. Kwantirolan Pro Micro mai guntun ATmega32U4 yana ba da ƙafafu 18. Kibod mai 60% a yadda ido ke ganinsa layi 5 ne da 14, wato 19, ɗaya ya yi yawa. Ana iya naɗe wayoyin su zama 8 da 8, madannai 64 da ƙafafu 16, amma zanen yana rikitarwa. Mafi sauƙi a ɗauki allon RP2040 irin Raspberry Pi Pico mai ƙafafu 26, wanda ma'ajiyarsa ma ta fi girma nesa. Wanda ya nace wa Pro Micro ya nemi mai USB-C, domin bakin micro-USB na tsofaffin ya yi ƙaurin suna wajen ɓallewa.

Faranti ne kaɗai ke riƙe suwic, don haka kaurinsa ba abin wasa ba ne. Ramin milimita 14 ne kowane gefe, kaurin kuma 1.5, shi ne haƙoran suwic ke kamawa. Farantin akirilik mai milimita 3 ba ya kamuwa, sai ka zo zare hula suwic ya biyo ta da wayoyinsa. Idan dole sai shi, a ɗiga gam mai zafi a ƙasan kowanne. Sitabilaiza ma sai irin waɗanda ke maƙalewa a faranti. Ana zana tsarin a Keyboard Layout Editor, a zuba shi a manhajar fitar da zanen faranti kamar ta ai03 ko swillkb, a kai wa mai yankan leza.

Ƙarkonsa ya dogara da hannun mai yi. Gyara dai yana da sauƙi tunda komai a fili yake, mitar gwajin lantarki kawai za ka bi da ita. Kuma ita ce hanya mafi dacewa da kibod mai lanƙwasa kamar kwano, irin Dactyl, wanda miƙaƙƙen allo ba ya shiga.

## Hanya ta huɗu: zana allonka

Manhajar zana allo ta KiCad kyauta ce, kuma masana'antu irin JLCPCB da PCBWay suna buga allo daga guda 5. Matakan: zanen haɗin lantarki, ba kowane abu sawunsa, jera suwic a tazarar 19.05, jan layuka, gwajin dokokin zane, fitar da fayilolin Gerber da ake aika wa masana'anta. Ka saita ma'aunin jeri na KiCad a wani kaso na 19.05, misali 4.7625, in ba haka ba madannan za su kauce da ɗan abin da ido ba ya gani sai an zo sa huluna. Ga kibod mai rabi biyu, manhajar Ergogen tana rage wahala sosai.

A allo na farko, kada ka ɗora guntun kwantirola kai tsaye. Ka bar wa Pro Micro ko makamancinsa gurbi, ka liƙa shi a kai. Wanda ya ce sai ya yi komai da kansa zai haɗu da kiristal na 16 MHz, da rezisto 22 ohm a layukan USB, da kariyar tartsatsin jiki, da kuma kuskuren da ya fi kowanne yawa: mantawa da rezisto 5.1k guda biyu a ƙafafun CC na USB-C. Alamar ita ce kibod yana aiki da waya mai kan A, amma ya mutu murus da wadda kanta biyu C ne.

Kafin ka aika, ka buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora yatsu. Duk da haka ka sa a ranka cewa bugun farko zai iya zuwa da kuskure, ka ware kuɗin na biyu da makonnin jira.

Allon ba shi ne mai tsada ba, gidan ne. Gidan alminiyam guda ɗaya da injin CNC ya sassaƙa yana cin ɗaruruwan daloli. Masu hankali suna yin faranti da murfin ƙasa da FR4, abin da ake yin allon da shi, a masana'anta ɗaya, su haɗa da sukuru. Ko akirilik hawa-hawa. Ko bugun 3D, sai dai faɗin 60% ya kai milimita 286, injinan gida da yawa kuma ba su wuce 220 zuwa 256 ba, dole a raba gidan biyu.

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan mantawa da ita: Corne mai madannai 42 da Lily58 da Sofle duk zanensu a buɗe yake ga kowa. Ka aika fayilolin a buga maka, ka samu allon da dubban mutane suka riga suka gwada.

| | Soket | Dalma | Waya | Zana allo |
|---|---|---|---|---|
| 'Yancin tsari | kaɗan | matsakaici | cikakke | cikakke |
| Kuɗi | matsakaici | matsakaici, da kayan aiki | kaɗan | ya dogara da gida |
| Lokaci | awa 1 zuwa 2 | rabin yini | kwana 2 | makonni |
| Canza suwic | nan take | sai an kwance | da wuya | yadda ka zana |
| Ƙarko | mai kyau | mafi kyau | gwargwadon hannu | mai kyau |
| Babban haɗari | ɓallewar soket | ɗagewar zobe | sakin waya | kuskuren zane |

## Abin da ke jiranka ko ta ina ka bi

Suwic iri uku ne. Mai santsi, kamar Cherry MX Red mai nauyin kusan giram 45, yana sauka babu tangarɗa. Mai tudu, kamar Brown, yana da ɗan tsaiko a tsakiya. Mai ƙas-ƙas, kamar Blue, ba na ɗakin da ake zaune da mutane ba ne. Yawancinsu suna amsawa a milimita 2, su ƙare a 4. Gateron da Kailh da sauransu suna bin ƙirar MX, don haka huluna ɗaya ke hawa kansu. Daga santi 25 zuwa 70 kowanne, kuma ka ƙara biyar a kan adadin da kake buƙata.

A kan maiko: Krytox 205g0 ga masu santsi, shafa ɗaya siririya da ƙaramin buroshi. Ga masu tudu a yi amfani da mai ruwa-ruwa kamar Tribosys 3203, kuma kada a taɓa ƙafafun da ke yin tudun, za su lafe. Masu ƙas-ƙas ba a shafa musu. Suwic da yawa yanzu suna zuwa da maikonsu daga masana'anta, wanda ya wadatar. Inda ba a tsallakewa shi ne sitabilaiza. Ita ce ke sa kibod mai tsada ya yi ƙarar gwangwani. A duba ƙarfenta ya miƙe a kan gilashi, a shafa maiko mai kauri a inda ya lanƙwasa, a gwada da hula kafin a ci gaba. A nan araha ba ta ado, dala 15 na mai sukuru sun fi amfani da a ƙara su a kan gida.

Hulunan robar ABS suna yin ƙyalli da amfani, na robar PBT sun fi jurewa. Saiti mai kyau na PBT dala 25 zuwa 60, na kamfanin GMK ya haura 100. Ka ƙirga madannan da tsarinka ke buƙata, musamman Shift na dama mai 1.75u a 65% da 75%, domin ba kowane saiti ke da shi ba.

Manhajar ciki kuwa, ka nemi allon da ke aiki da QMK tare da VIA ko Vial, don ka canza madannai ba tare da rubuta komai ba. Mai son ƙ da ɗ da ɓ a hawa na biyu zai iya da QMK, amma a Windows sai ya girka WinCompose. Marar waya kuma manhajar ZMK ce da kwantirola irin nice!nano, kuma gidan ƙarfe rufaffe yana danne siginar Bluetooth.

## Wa ya dace da wacce

Wanda wannan ne kibod ɗinsa na farko, ko yana son abin aiki a makon nan, ya ɗauki kit mai soket, 75% ko TKL, mai karɓar ƙafa 5 da VIA, kuma wanda yake a ajiye a shago. Ya guji odar haɗaka da ake biya kafin a ƙera, jiranta yakan kai watanni da yawa, wani lokaci ya haura shekara.

Wanda ya riga ya san suwic ɗinsa, yana son Backspace a rabe ko Enter na ISO, ko kibod ɗin zai riƙa yawo a jaka, dalma ce tasa. Idan bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba, ya fara da ƙaramin allo mai madannai tara.

Mai ƙaramin kuɗi da isasshen lokaci, ko mai son gwada wani baƙon tsari guda ɗaya, ko mai son kibod mai lanƙwasa, ya bi waya da RP2040.

Mai ciwon wuyan hannu da ke son raba kibod biyu ya fara da Lily58 ko Sofle, domin suna da jerin lambobi, Corne ba ta da shi. Sai ya yi watanni da ita, ya gano takamaiman madannin da ɗan yatsansa ba ya kaiwa, sannan ya buɗe KiCad. Haka ma wanda ke buƙatar kwafi uku ko biyar na tsari ɗaya: tunda guda 5 za a buga masa ko ya so ko bai so ba, zana allo ya fi masa haɗa waya sau biyar.